Makon da Aka Hana Injiniya Taɓa Waya

Ba injiniya ba ne. Gara a fara da wannan, domin shi kansa ya gaji da faɗa. Mai buga rubutu aka ɗauke shi a maɗaba'ar, shekara goma sha huɗu da suka wuce, aka ba shi kujera mai gurguwar ƙafa da wata kwamfuta da sai an mare ta a gefe take tashi. Wata rana firinta ta ƙi karɓar aiki daga kwamfutar Manaja. Kowa ya riƙe ƙugu yana kallonta, shi kuwa karambani ya ja shi ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga waya ce ta zare, ya mayar da ita. Manaja ya ce, "A'a! Ashe muna da injiniya a gidan nan!" Aka yi dariya, suna ya bi shi. Yau ko matarsa, idan ya ɓata mata rai, Injiniya take ce masa.

Maɗaba'ar gidan sama ce. A sama masu tsara shafi suke zaune da kwamfutocinsu a jere, sai ofishin Manaja da na sakatariyarsa. A ƙasa injinan bugu ne, da wata babbar kwamfuta da ke karɓar aikin da aka tsara a sama, ta fitar da farantin da ake ɗora wa inji. In dai na sama ba su ga ta ƙasa ba, to gidan ya tsaya cik, ko kati ɗaya ba za a buga ba. Wayoyin da ke haɗa su kuwa duk a wuri ɗaya suke taruwa, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala wanda da can tsintsiya da bokiti ake ajiyewa a ciki. Ba taga, ba fanka, mutum ba ya iya miƙewa tsaye. A jikin bango aka kafe wani akwatin ƙarfe mai ramuka ashirin da huɗu, suwic suke ce masa, kowane rami da 'yar fitilarsa. A wannan ɗakin Injiniya ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a sunkuye, yana buga ƙeya da matakala.

Wayoyin nan duk launinsu ɗaya, ruwan toka, ba ka bambance wannan da waccan. Wani da ya sani sai ya manna wa kowace takarda ya rubuta inda ta nufa. Injiniya bai yi haka ba. Sashen ɗinkin littafi ya je ya tsinto guntayen zare, ya ɗaɗɗaura musu. Jan zare mai ƙulli ɗaya, ta Manaja ce. Ja mai ƙulli biyu, ta sakatariya. Kore na masu tsara shafi ne, ana ƙirga ƙullin daga bakin ƙofa. Shuɗi mai ƙulli uku ita ce uwa, wadda ta tafi babbar kwamfutar ƙasa. Ma'anar duka a kansa take, ko a bayan ambulan bai taɓa rubutawa ba.

Kada ka ce sakaci ne. Da gangan ya yi. A shekararsa ta biyar aka rage ma'aikata, aka sallami mutum goma sha ɗaya rana guda, duk masu buga rubutun da suka shigo tare da shi suna ciki. Shi kaɗai aka bari, kuma da kunnensa ya ji dalili, Manaja na cewa a waya, "Wancan ku bar shi, shi kaɗai ya san kan wayoyin." Daga ranar ya kama bakinsa. Duk wanda ya tambaye shi yadda abin yake sai ya ce, "Ai da wuyar bayani." Mabuɗin ɗan ɗakin ya koma aljihunsa. Ya ɗauka ya yi dabara, kuma a lokacin dabarar ce.

Sai aka mayar da matarsa, wadda nas ce, wani asibiti a wani gari mai nisan awa shida a mota. Ta tafi da 'yarsu, wadda yake kira 'Yar Baba, tana da shekara biyu. Suka ce ai na ɗan lokaci ne, tunda maɗaba'ar tana da ƙaramin reshe a can, zai nemi a mayar da shi. Yanzu yarinyar shekararta bakwai. Sau ɗaya a wata yake zuwa, ya isa Asabar da rana, ya juyo Lahadi, da wata 'yar baƙar jaka da ba ta ɗaukar fiye da riga biyu. Ko hutunsa na shekara bai taɓa cinyewa ba. Kwana uku ya yi yawa waya za ta yi ƙara: "Injiniya, ta ƙasa ta ɓace!" Sai ya tashi ya nemi mota. Abin da ya fi cinsa shi ne yadda 'Yar Baba ke tarbarsa. Idan ya yi sallama ta rugo, ba fuskarsa take fara dubawa ba, hannunsa take dubawa. Uwarta ta taɓa ce mata ranar da Baba zai zo ya zauna, da babbar jaka zai zo, kuma yarinyar ba ta manta ba.

Sau uku yana rubuta takardar neman canjin wuri. Manaja ba mugu ba ne, wannan ma shi ne abin haushin, don da mugu ne da an san yadda za a yi da shi. Mutum ne mai fara'a, mai tambayar lafiyar iyali. Zai karanta takardar har ƙarshe, ya girgiza kai cike da tausayi, ya ce, "Wallahi na san halin da kake ciki. To amma idan ka tafi, wa zai riƙe mu?" Sai ya ɗora abin maƙala takardu a kanta, ta kwana nan har ta yi ƙura.

A karo na huɗu Injiniya ya ƙi fita daga ofishin. Ya tsaya ƙyam, ya ce, "Yallaɓai, 'yata ta fara faɗuwar haƙora ban gani ba. A faɗa mini abin da zan yi."

Manaja ya jujjuya biro, sannan ya kawo sharaɗi. Injiniya ya koya wa wani aikin. Idan ya gamsu ya koyar, za a ware mako guda, Litinin zuwa Juma'a, ya koma teburinsa na buga rubutu, kada ya taɓa waya, kada ya ce uffan a kan netwok, wato haɗin kwamfutocin. Idan gidan ya yi makon nan lafiya ba da hannunsa ba, ranar Juma'a za a sa hannu.

Sakatariya ya zaɓa, wadda duk gidan ke kira Anti. Ta girme shi, mace ce mai natsuwa, ba ta mantuwa, ba ta kuma jin kunyar tambaya. Wata uku yana koya mata. Ya nuna mata a fara da fitila: idan ta ramin ba ta kama ba, waya ce ko bakinta. Ya nuna mata kowace kwamfuta tana da lambarta, kamar lambar gida, kuma biyu ba sa raba lamba ɗaya. Ya koya mata abin da yake kira sallama, wato a rubuta lambar wata kwamfuta a aika mata ɗan saƙo a ga ko za ta amsa. "Ki fara da maƙwabciya," in ji shi. "Idan ta amsa, ki yi wa ta ƙasa. Inda aka daina amsa miki, nan ciwon yake." Har sirrin zaren ya fasa, ya sayi littafi ya rubuta mata ma'anar kowane launi da kowane ƙulli. Anti ta ce, "Injiniya, da ba mu manna musu takarda ba kawai?" Ya sayo takardun mannawar ma, suna cikin aljihun teburinsa. Amma ya ce zaren ya isa, shekara tara bai taɓa ba shi kunya ba. Ya ciro mabuɗin daga aljihunsa, ya rataye shi a ƙusa bayan kujerarta.

Litinin ta wuce lafiya. Talata firintar sama ta yi gardama, Anti ta lallaɓa ta cikin minti goma. Laraba ko tari netwok bai yi ba. Da aka tashi aiki ranar, Injiniya ya biya kasuwa ya sayi babbar jaka mai taya, ya ja ta har ɗakinsa yana jin ƙarar tayar a kan titi kamar kiɗa. Ya kira gida ya faɗa wa 'Yar Baba.

Alhamis da safe, ƙarfe tara ba ta yi ba, wani daga masu tsara shafi ya ɗaga murya: "Ta ƙasa ta ɓace!" Na kusa da shi ya ce shi ma. Kafin ka ce me, duk benen ya ɗauka. Ba ta ƙasa kaɗai ba, ko maƙwabciya ba a gani. Kuma ranar ba ranar wasa ba ce: takardun jarrabawar wasu makarantu ne a hannu, za a zo ɗauka Juma'a da safe, idan inji bai fara juyawa kafin azahar ba, ba yadda za a yi a gama.

Injiniya bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da buga wasiƙar da ke gabansa, yana buga layi ɗaya yana gogewa.

Anti ta ɗauki mabuɗi da littafi ta sauka. Jim kaɗan ta dawo, fuskarta ta canza, ta zauna ta yi wa maƙwabciya sallama. Shiru. Ta yi wa ta ƙasa. Shiru. Ta sake sauka, ta kashe suwic ta kunna, abin ya dawo na ɗan daƙiƙu, har wani ya fara tafi, sai ya sake mutuwa. Wani ya ce a kwashi aikin a filashi a kai ƙasa da hannu mana. Aka tuna masa ba hali. Shekara uku da suka wuce wata cuta ta shiga babbar kwamfutar ta filashi, Injiniya ya toshe ramukanta da gam da hannunsa, aka kuma yaba masa.

Wajen ƙarfe goma ya kasa zama. Ya ɗauki kofinsa kamar mai zuwa shan ruwa, ya sauka. Ƙofar ɗan ɗakin a buɗe take. Bai tsaya ba, wucewa kawai ya yi, amma abin da ya gani da wutsiyar ido ya ishe shi. Ɗakin fes, an share, an goge, ko yanar gizo babu. Wayoyin sun yi tas a jere, babu zare ko ɗaya. Fitilun suwic kuwa, maimakon kowace ta riƙa ƙyaftawa a lokacinta, duk tare suke rawa, da sauri, ba hutu.

Ya san wannan rawar. Akwai wata gajeriyar waya da yake bari a rami na ƙarshe, ɗaya bakin yana lilo a ƙasa, don ya riƙa jona kwamfutar hannu idan yana gwaji. Baƙin zare ya ɗaura mata, ma'ana kada a kuskura a jona ta ko'ina. Idan aka cusa bakinta na biyu a suwic ɗin, duk saƙon da ya fita ta wannan rami sai ya dawo ta wancan, ya sake fita, ya sake dawowa, yana ninkuwa har ya cika hanya, kowa ya rasa wurin wucewa. Gyaran bai kai a ce gyara ba. Yatsa biyu ne, a zare waya ɗaya. Taku uku ne tsakaninsa da ita.

Ya cusa hannunsa a aljihu ya wuce. Ya sha ruwan da ba ya jin ƙishirwarsa. Masu inji suna zaune a kan damman takarda, suka bi shi da ido. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Yana hawowa ya ci karo da Manaja a matakala. Manaja ya dafa kafaɗarsa, murya a tausashe, ya ce, "Injiniya, idan ka ga abin ya fi ƙarfinta, ka tashi kawai ka duba. Ba komai, ai gida ne."

Ba komai! Shi ya san abin da ke cikin wannan ba komai ɗin. Idan ya taɓa, takardarsa ta mutu. Idan bai taɓa ba aka rasa aikin jarrabawar, ta mutu, kuma ta mutu da baƙin jini. Ya ce, "Za ta iya, Yallaɓai," ya koma kujerarsa. Ta tagar da ke kallon matakala yana hango Anti a bakin ɗan ɗakin, littafin a buɗe a hannunta, tana karanta ja mai ƙulli biyu, kore mai ƙulli huɗu, tana duban wayoyin da babu komai a jikinsu. Littafin da ya ɓata dare da rana yana rubutawa ya zama takardar banza. Takaicin kansa ya kama shi har ya ji ɗaci a bakinsa.

Sha ɗaya da rabi sai ga Baba mai shara ya hawo da bokitinsa zai kwashe kwandunan takarda. Dattijo ne da ya riga kowa zuwa gidan, mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Shekara tara ɗan ɗakin nan na tsone masa ido, ba shi da mabuɗi, sai yanzu da aka rataye shi a ƙusa. Anti ma ta hawo a daidai lokacin, ta zube a kujera tana fifita da littafin.

Injiniya ya dubi Baba, ya dubi Anti, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Baba, sannu da aiki! Wai wa ya gyara ɗakin ƙarƙashin matakala haka? Na ga har ƙyalli yake yi."

Baba ya ajiye bokiti, fuskarsa ta washe. "Ni ne mana, ɗana. Da sassafe, kafin ku zo. Na ce yanzu mace ce ke shiga wurin nan, ai abin kunya ne ta riƙa kwasar ƙura da zanenta. Ka ga dattin da na fitar kuwa? Waɗannan tsummokaran zaren duk na yanke su. Har wata waya na tarar tana yawo a ƙasa, ana iya taka ta, na ga rami a buɗe na mayar da ita ɗakinta."

Injiniya ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," ya mayar da idonsa kan wasiƙa.

Anti ta daina fifita. Ta ajiye littafin ta sauka. Ta durƙusa a ɗan ɗakin, ta riƙa kama waya ɗaya bayan ɗaya tana bin ta da yatsa. Kowace sai ta shige bango ta tafi abinta. Ta goma sha bakwai ce ta yi 'yar lanƙwasa ta dawo cikin suwic. Ta zare ta. Fitilun suka lafa, kowace ta koma ƙyaftawarta. Daga sama wani ya ƙwala ihu: "Ta dawo! Ta ƙasa ta dawo!" Kafin sha biyu da rabi gidan ya ɗauki rurin inji, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Injiniya bai taɓa jin daɗin wannan ƙarar kamar ranar ba.

Manaja bai ma jira Juma'a ba. Bayan azahar ya kira su biyun ofis, ya ɗaga abin maƙala takardu, ya jawo takardar, ya hure ƙurar da ke kanta, ya cire murfin biro.

"Anti, yau kin fitar da mu kunya," in ji shi. "Wallahi ban zaci za ki iya ba. Ashe mun yi sabuwar injiniya."

To, a gidan nan akwai wata ɗabi'a. Ba wanda ake yabo ya riƙe yabon. Ka yaba wa mai ɗinki, ya ce ai mai yanka ne ya yanka daidai. Ka yaba wa mai inji, ya ce ai farantin ne ya fito da kyau. Anti kuwa ta fi kowa, ita ko kwalliyarta ka yaba sai ta ce tela ne. Ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da gefen mayafi.

"Haba Yallaɓai, ni me na sani? Wallahi da Injiniya bai yi wa Baba tambayar nan ba, da har yanzu ina can ina zufa. Wucewa kawai ya yi ta bakin ƙofa ya gane. Daga zaune ya gyara, ko ɗakin bai shiga ba."

Ta juyo tana yi masa murmushi, irin na wanda ya miƙa maka kyauta.

Biron ya tsaya a sama, ɗan yatsa ɗaya tsakaninsa da takardar. Manaja ya dubi Injiniya, ba da fushi ba, da sha'awa ma.

"Daga zaune?" Ya girgiza kai. "Ka ji ko? Ka ga abin da nake faɗa maka? Irinka ba a samu a hanya. Yanzu da kana can, da yaya za mu yi yau?" Ya mayar da murfin biro, ƙas. "Bari mu wuce lokacin jarrabawar nan, Anti ta ƙara gogewa, sai mu sake zama. Ka yi haƙuri, ka ji? Ka gaishe da iyali."

Abin maƙala takardun ya koma mazauninsa.

A matakala Anti ta tsaya, ta dafe bango. Sai a lokacin abin ya iso mata. "Innalillahi. Injiniya, na yi ɓarna ko?"

Ya so ya yi mata tsawa. Ya buɗe baki, ya ga idonta ya ciko, ya tuna wanda ya ƙi manna takarda, ya tuna wanda ya shekara tara yana cewa da wuyar bayani. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, Anti. Ba ki yi komai ba."

Ya ɗauko takardun mannawar daga aljihun tebur, da babban alƙalami, ya shiga ɗan ɗakin ya kifa bokitin Baba ya zauna a kai. Ya fara bin wayoyin ɗaya ɗaya, yana zarewa, yana jiran ya ji wanda zai yi ƙorafi daga sama, yana rubutawa da manyan baƙaƙe yadda ko makaho zai lalubo. Yana kan ta shida wayarsa ta yi ƙara. Lambar matarsa ce, amma muryar ba tata ba ce. 'Yar Baba ta dawo daga makaranta, tana haki kamar ta yi gudu.

"Baba, na kwashe kayan wasana daga bayan ƙofa, na yi wa jakar wuri. Mama ta ce in tambaye ka, tayarta biyu ne ko huɗu?"

Ya dubi fitilun, suna ta ƙyaftawa lafiya lau.

"'Yar Baba," ya ce, "wannan Asabar ɗin da ƙaramar zan zo."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ya ji numfashinta na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To," irin ta manya, ta ajiye wayar ba tare da ta kashe ba. Yana jin takunta tana tafiya, yana jin uwarta daga nesa tana tambaya me ya ce.

Daga saman bene wani ya leƙo ya ƙwala kira: "Injiniya! Tawa ta ɗauke!"

Ya mayar da wayar da ke hannunsa raminta, ya miƙe, ƙeyarsa ta bugi matakala a daidai inda ta saba bugu.